Yatsan Meng Gui a Idon Tagulla

A garinmu na bakin kogin Wei, in aka ce "aikin gidan Gui ne," to an gama magana. Akwai wasu gidajen da ke zubin tagulla, ba wanda ya hana su, amma dai kowa ya san bambancin tuwo da ƙanzo. Kuma a wancan zamani, in ka ce gidan Gui, Meng Gui kake nufi, babbar 'yar gidan, wadda ta shekara talatin da huɗu a kan kujerar zane tana rarake fuskar dabba a jikin yumɓu da wuƙar ƙashi. Ƙanenta Ji Huan, autan gidan, shi ke da wuta da narki da gugar ƙarshe. Ta taɓa aure, mijin ya mutu, ta dawo ta hau kujerarta kamar wadda ta je ɗebo ruwa.

Mace ce mai baki, wannan ba a ɓoye yake ba. Takan ce wa masu zuga-zugi su hura kamar maza, takan kira Ji Huan Auta a gaban jikokinsa, ga shi da furfura har a gira. Amma akwai abu guda da bakin nan bai taɓa faɗa ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan idonta ya tafi. Ba ciwo, ba ja, ba kwantsa. Wani abu ne kamar hayaƙin ɗanyen itace ya zo ya zauna ya ƙi washewa, har ya zama rana da inuwa kaɗai take bambancewa. Idanun kuwa garau a buɗe, wanda ya kalle ta ba zai ce komai ba.

Dalilin shirun kowa ya san shi. Mai lahani a jiki ba ya sa hannu a abin da za a ciyar da kakanni a ciki. Ranar da aka sani, ranar za ta sauka daga kujerar nan, ta koma gindin katanga tana korar kaji daga shanyar gero. Ita? Haba! Sai ta haddace gidan da ƙafa: taku goma sha bakwai daga ɗakinta zuwa rumfar aiki, shida zuwa ramin yumɓu. Da yatsu kawai ta zana tukwane biyu a wannan tsakani, aka kai su, aka yaba. Tana kwanciya tana dariya a cikinta, wai ta yi wa gari guda wayo.

Ana nan sai mai gari ya dawo daga yaƙin arewa da kekunan shanu uku maƙare da māsu da kan kibau na abokan gaba, sarki ya bar masa su kyauta. Ya yi alwashin narkar da su a zuba babbar tukunya mai ƙafa uku, wadda za ta ɗauki rago guda, a dafa wa mahaifinsa marigayi a bikin kaka, bayan girbi. Wakilinsa Kuang ne ya kawo saƙon, wani siririn mutum mai tafiya kamar ƙasa na da ƙazanta.

"Mai gari ya so ya aika babban birni a kawo masu zubi," in ji shi, yana kaɗe hannun rigarsa. "Ni na ce a gwada na gida."

"Kai ka ce?" Meng Gui ta ce. "To mun gode. Auta, ba shi wuri ya zauna, ɗaukar gari a ka akwai gajiya."

"Ki yi ta zolaya, Baba. Amma ki ji sauran. Tagullar da ta ƙi zubi sau ɗaya ba a sake nuna wa kakanni ita, kin fi ni sani. In wannan ta lalace, mai gari ya rantse zai raba gidan nan biyu, rabi ya aika ramukan jan ƙarfe na kudu."

Mutum arba'in da uku ne a gidan Gui, har da na goye. Ba wanda ya taɓa zuwa ramukan kudu ya dawo ya ba da labari.

"Ka gaya masa ya tanadi ragon," in ji Meng Gui.

Wata biyu suka yi a kai. Aka gina siffar tukunyar da yumɓu, aka lulluɓe ta da wani yumɓun mai laushi kamar garin da aka tankaɗe sau uku, wanda muke kira riga. Da ya ɗan sha iska aka yanka rigar gida uku aka ɓare, aka jingine wa Meng Gui a gaban kujerarta. Nan ne aikin yake. Duk abin da ka rarake a cikin riga, tudu zai fito a tagulla, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Wanda ke zane da ido sai ya yi ta juya abin a kansa har kan ya yi ciwo. Ita kuwa tun da idon ya tafi, abin ma sauƙi ya ƙara mata, don yatsa bai san dama da hagu ba, zurfi kawai ya sani.

Ta rarake ƙahoni masu lanƙwasa, da hanci, da leɓen sama mai haƙora, ba haɓa, yadda kakanta ya koya wa ubanta. Ta cika duk wani fili da zanen tsawa, 'yan ƙananan murɗe-murɗen nan da sai ka matso kake ganinsu, ɗaya na bin ɗaya ba wanda ya taka wani. Idanu ta bari a ƙarshe, ramuka biyu masu santsi kamar cikin ɓawon ƙwai. In tana aiki ba ta son motsi. Wuƙaƙenta bakwai kullum a jere suke a hannun dama, ƙarama zuwa babba, ba ta taɓa lalube ba.

Aka gasa rigar kwana uku a wuta mai sanyin hali. Mai duba ya ƙona ƙoƙon kunkuru, ya karanta tsagar da ta fito, ya ce ranar zubi ita ce ta shida ga wata, da hantsi. Daga nan zuwa bikin kwana goma sha biyar ne.

Ranar ta zo. Tun da asuba tanderu huɗu ke ruri, māsun arewa sun zama ruwa, masu zuga-zugi na waƙa suna gumi. Mai gari da kansa ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Kafin a haɗa rigar a ɗaure, aka jera ɓangarorin uku a rana don dubawa. Wakili ya duba. Mai duba ya duba. Ji Huan ya durƙusa ya bi layi-layi har hancinsa na taɓa yumɓu. Dattawan gidan uku suka duba. Kowa ya ce lafiya lau.

Saura shafar ƙarshe, wadda al'ada ta ba mai zane: ta bi aikinta da tafin hannu sau ɗaya, ta ce a rufe. Meng Gui ta shafa na farko. Ta shafa na biyu. A na uku, babban yatsanta ya shiga ramin ido ɗaya, ya tsaya.

Wani abu ne da bai kai silin gashi ba. Ya taso daga tsakiyar ramin ya gangara ƙasa, ya ɓace a cikin zanen tsawa. Ta sake bi. Yana nan. Ta ƙwanƙwasa gefen da farce, sautin ya dawo mata a dakushe. Ta san irin wannan tsaga: a sanyi barci take yi, amma da ruwan tagulla ya taɓa ta za ta buɗe baki, rigar ta fashe, māsun sarki su malale a ƙasa a gaban mai gari.

"Baba, rana na yi," in ji Wakili. "Ki ce a rufe."

"Ba za a rufe ba. Akwai tsaga a idon nan."

Ji Huan ya zo da sauri ya sake durƙusawa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. "Yaya," ya ce a hankali, "ban ga komai ba."

"Yaushe ka taɓa ganin wani abu? A kawo ruwa a ɗiga. In akwai tsaga zai ɓullo ta baya."

"Ruwa!" Wakili ya daka tsawa. "A rigar da aka gasa, ranar zubi? Ɗigo ɗaya ya taɓa ta, yau ta wuce ke nan, ko da tsaga ko babu. Ranar da kunkuru ya zaɓa za ki zubar? Mutum shida masu ido sun duba. Ke idonki ya fi na kowa ne?"

To, ga inda magana ta tsaya. Ba a gwadawa sai an yar da ranar, ba kuma wanda zai yar da ranar don tsohuwa ta ce ta ga abin da mutum shida ba su gani ba. Tana iya yin shiru ta ce a rufe. In ta fashe, ai shida ne suka duba, ba wanda zai nuna ta da yatsa. Kujerarta na nan. Sai dai a bayanta tana jin muryar matar Auta tana lallashin jika, tana jin tarin tsohon da ke niƙa gawayi, wanda ba zai kai rabin hanyar kudu ba. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da idon ya rufe. Sai kuma haushi ya biyo baya, ya kori tsoron.

Ta juya inda ta san tabarmar take, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, idona bai fi na kowa ba. Ba ni da shi ma gaba ɗaya. Shekara ɗaya da rabi rabona da ganin fuskar mutum. Tukunyar giyar da ka yaba bara, da ta hatsin da ka kai wa surukinka, da wannan da ke gabanka, duk yatsun nan ne suka yi, ido bai taya su ba. Su ne kuma suke gaya maka akwai tsaga. Na san doka. Na san abin da na saya da wannan magana."

Wata mata ta saki salati irin namu, ta kira kakanninta. Mai duba ya ja da baya kamar ya taka maciji.

Mai gari tsohon mayaƙi ne, ba ya gaggawar magana. Can ya ce, "In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Ba mai yar da kujerar shekara talatin don ƙarya. A kawo ruwa."

Ji Huan ne ya ɗiga. Aka kewaya bayan rigar aka zuba ido. Shiru. Wakili har ya fara gyaran murya. Sai ga wani siririn layi baƙi ya ɓullo a jan yumɓun, ya miƙe kusan tsawon taƙi, yana naso. Tabɗi! Dattawan nan uku kowa ya sunkuyar da kai yana duban ƙafarsa.

"Wa zai gyara?" in ji mai gari.

Ji Huan ya ɗaga hannayensa, yatsu kamar saiwar bishiya, duk tabon wuta. "Ranka ya daɗe, in na sa waɗannan a ramin idon nan, sai dai a sake sabuwar riga. Wata biyu."

"Doka ta hana ta taɓawa," in ji Wakili. "Yanzu an sani."

"Wa ya sani?" Mai gari ya miƙe yana gyara ɗamara. "Ni kunnena ya yi nauyi tun yaƙin arewa. Magana takan daɗe a hanya. Abin da matar nan ta faɗa ba zai iso ni ba sai rana ta faɗi. Kuang, ka zauna ka duba mana ranar."

Aka kashe wuta. Meng Gui ta hau kujerarta, aka jingine mata ɓangaren. Ta miƙa hannun dama, ƙaramar wuƙa na nan inda take kullum. Ji Huan ya tsuguna a gefe yana dama mata yumɓu.

"Na kunyata ka a gaban mutane, Auta," ta ce, ba ta daina aiki ba. "Ka yi haƙuri da ɓoyon da na yi maka."

"Wane ɓoyo?"

"Kar ka raina mini hankali."

"Yaya, wa kike tsammani yake jera miki wuƙaƙen nan kullum da safe? Wa ya hana a ajiye ko tsinke tsakanin ɗakinki da rumfa? Ranar da kika yi wa turmi faɗa kina zaton matata ce, gidan nan kaf muna tsaye, ba wanda ya yi tari."

Wuƙar ta tsaya. "Gidan kaf?"

"Har na goye."

"'Yan banza," in ji ta. "Munafukai. Shekara ɗaya da rabi kuna kallona ina ƙirga taku kamar agwagwa!" Muryarta ta karye a tsakiya, ta share fuska da gefen hannu, ta ce hayaƙi ne, alhali wutar ta mutu tun ɗazu. "Miƙo yumɓun. Ya yi ruwa. Kai ko dama yumɓu ba ka iya ba."

Gyaran tsaga ba a yi masa gaggawa. Sai ka buɗe ta da bakin wuƙa, ka cusa sabon yumɓu kaɗan-kaɗan, ka jira ya kama, ka ƙara. Ta fara daga ƙasa, tana cikewa tana mayar da zanen tsawa ɗaya bayan ɗaya a inda ta ɓata. Rana ta karkata. Zafinta ya bar ƙeyarta ya koma kafaɗa, ta san lokaci na tafiya. Da ta iso ramin idon, iska ta fara sanyi. Ta ɗora ɗan curin ƙarshe a tsakiya, ta sa babban yatsa ta danna da ƙarfi har ya zauna daidai. Saura ta ɗauki cokalin ƙashi ta goge wurin ya yi santsi. Ta miƙa hannu.

"Rana ta faɗi," in ji Wakili.

"Haba, Wakili!" Ji Huan ya ce. "Shafa ɗaya ta rage!"

"Ta faɗi. Ga dutsen can ya haɗiye ta, ku duba."

Meng Gui ba ta roƙe shi ba. Roƙo? Ba a gidan Gui ba. Ta ɗauke hannunta, ta goge shi a zani, ta sauka daga kujerar da kanta. Taku goma sha bakwai ta yi zuwa ɗakinta, kanta a sama.

Aka sake gasa rigar. Mai duba ya ƙona wani ƙoƙon, kunkuru ya ba da rana ta goma sha ɗaya. Wannan karon tana zaune can gindin katanga aka yi zubin, da kunne ta bi shi: ihun masu ɗauko narki, shuuu ɗin tagulla tana gangarawa ta ƙafafun tukunyar da aka kifa, sannan shirun nan mai tsawo da ake jiran ƙarar fashewa. Ba ta zo ba. Bayan kwana biyu aka sa guduma aka farfasa rigar, aikin wata biyu ya zama tsingaro, kamar yadda kowace riga take ƙarewa. Abin da ke ciki ya fito.

Wanda bai ga sabuwar tagulla ba bai san kyau ba. Ba koriya ba ce irin ta tsofaffin tukwane, launin zinariya ce, tana ɗaukar ido. Dabbar ta fito da ƙahoninta da haƙoranta, zanen tsawa ko ɗaya bai cije ba. Ido ɗaya sumul. Ɗayan kuwa, a tsakiyar ƙwayarsa, ga zanen babban yatsan mutum, layi cikin layi, tagulla ta kwashe shi tsaf. In ka tsaya a gabansa sai ka ga kamar yana bin ka.

Kwana biyu Ji Huan da mutanensa suna guga da dutse da gawayi, ba su taɓa wurin ba. Ranar ɗauka Wakili ya gani, ya yi tsalle.

"Mene ne wannan? A goge shi yanzu!"

"Da an goge tun a yumɓu," in ji Ji Huan, "wani ya ce rana ta faɗi."

Mai gari ya matso. Ya tsaya a gaban idon, ya koma dama, ya koma hagu. "Mahaifina ba ya son a yi masa hidima ba mai lura," ya ce. "Wannan tana lura. A bar shi."

Ranar bikin, maza takwas suka ɗauki tukunyar a kan sanduna zuwa ɗakin kakanni. Gidan Gui duka aka gayyata su tsaya a farfajiya, ban da mutum ɗaya. Doka doka ce. Meng Gui ta sa rigarta mai kyau, ta sa aka kai ta bayan katangar ɗakin, ta zauna a kan dutse. Daga nan tana jin ƙararrawa da ganguna, tana jin mai kira yana karanta rubutun cikin tukunyar, wai 'ya'ya da jikoki su riƙe ta shekara dubu goma. Can sai ƙamshin rago da giyar gero ya tsallako katanga.

Ba a jima ba ta ji takun da ta sani. Ji Huan ya zo ya zauna kusa da ita, yana huci.

"Me ya fito da kai?"

"Ba zan iya ba, Yaya. Kowa na ciki yana cika baki, wai aikin garinmu. Har Kuang yana nuna wa baƙi ƙahonin kamar shi ya zana. Ke kuwa an bar ki a waje kamar mai jiran sadaka. Raina ya ɓaci."

Ta lalubo kunnensa ta murɗe, kamar yadda take yi tun yana tsirara.

"A waje? Kai dai har ka tsufa ba ka da wayo. A ina aka ajiye ta?"

"A tsakiya. Gaban allon sunan marigayi."

"Fuskar tana kallon ina?"

"Tana kallon jama'a."

"Mai gari in zai miƙa nama, me yake yi?"

"Durƙusawa yake yi a gabanta."

"Ɗansa ma haka zai yi. Da jikansa, da wanda ba a haifa ba." Ta saki kunnen, ta ɗaga babban yatsanta, tsohon yatsa mai kaushi da yumɓu a ƙarƙashin farce, ta juya shi wajen katangar. "Tashi ka koma, Auta, kar naman ya ƙare. Kuma ka gyara tsayuwarka a ciki. Ina kallonku."